Ɗakin da Aka Auna da Tsawon Inna

Na gode wa Allah da ya bar mini uwata har na samu zaman rubuta wannan. Ga ta can kan tabarma tana tsinkar zogale da hannu ɗaya, tana yi mini tsiya wai tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake ɓarnar takarda. Ina rubutawa ne saboda masu jinyar babban mutum a gida, musamman irin jinyar da ba a kiran sunanta gaban jama'a. Mu wata huɗu muka yi muna ce wa masu zuwa dubiya ƙafa ce. Ƙafar tana ciki, amma ba ita ta kulle Inna a ɗaki ba. Fitsari ne ya daina jin maganarta, wani lokaci har da bayan gida. To, na faɗa, kuma ban mutu ba.

Duk wanda ya san kasuwar Gaya ya san Inna, doguwar mace mai bandar kifi, wadda in ta kira ciniki har masu kwale-kwale a bakin gulbi suna ji. Amma banda sana'a ce kawai. Aikinta na gaske shi ne wankan gawa. Shekara talatin ita ke wanke matan unguwarmu in sun rasu, ba ta taɓa karɓar ko goro ba.

Gaya gari ne na masu wucewa. Mace za ta taso daga nesa da kayanta, ajali ya same ta a tasha ko a ɗakin haya, a rasa inda za a suturta ta. Inna ta matsa wa liman da attajiran kasuwa lamba har aka gina wani ɗan ɗaki a bayan masallacin bakin kasuwa. Ina tsaye ranar da magini ya tambaye ta tsawon gadon simintin da za a riƙa kwantar da mamata a kai. Ta gyara zanenta, ta miƙe a ƙasa gaban maza, ta ce, “Auna. In ya ɗauke ni, ya ɗauke kowa.” Ya ja layi da tsinke a kanta da ƙafarta. Aka yi gadon ya kai ƙugun mai tsaye, da ɗan gangare don ruwa ya gudu, da famfo a gefe. Ƙofar kwano ce mai kwaɗo ta waje. In ana wanka, wata mace ke tsayawa a bakin ƙofa.

Mai zuba mata ruwa duk shekarun nan Hajo ce, 'yar Dendi mai sayar da gishirin Foga a rumfar da ke jikin ta Inna. Hajo ba ta da 'ya mace. Tun ina yarinya nake jin alkawarinsu, suna maimaita shi kamar wasa: wadda ta riga mutuwa, ɗayar ce za ta wanke ta, ba wata ba. Inna ba ta wasa da wannan maganar ko tana dariya.

Ciwon ya zo bayan ƙaramar Sallah, lokacin da zafi ya fara cizo. Tana miƙa wa wata mata kifi sai ya suɓuce daga hannunta na hagu, ta sake ɗauka ya sake faɗuwa, bakinta ya karkace. Hajo ce ta kwarma ihu. Makon farko a asibiti muka yi shi, ni a kan tabarma ƙarƙashin gadonta, ina bin layin magani tun hantsi har inuwa ta juya. Aka ce tansiyo ne, wato hawan jini, ya taɓa ɓarin jiki. Magana ta dawo a kwana na biyar, hannu ya ɗan motsa, ƙafa ta ƙi. Ni duk hankalina yana kan ƙafar, ban kawo zanen gadon da nake wankewa sau uku a yini cikin lissafin ciwo ba. Na ɗauka kwanciya ce ta jawo, in ta tashi zai wuce.

Ranar sallama likitar, wata yarinya siririya mai tabarau, ta ja ni gefe. Ta ce, “Mafitsarar ba ƙi ta yi ba, mantuwa ta yi. Wataƙila ta tuna, wataƙila ba za ta tuna ba. Kada ku yi mata faɗa, kada ta yi wa kanta.” Ta rubuta mini kush, ƙunzugun kanti da ake ɗaura wa jarirai, amma irin na manya. Ban ma san ana yin na manya ba sai da na tsaya a farmasi ina raɗa kamar mai neman abin kunya. Tsadarsa kuwa, sai wanda ya saya. Ƙanena Isufu da ke kasuwanci a Yamai shi ya riƙa aiko mana a kwali, Allah ya saka masa, ko da yake kowane kwali da nasihar waya yake zuwa.

Ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, “ke” ce har yau, kuma a da ko ɗankwalinta ba ta cirewa a gabana. Sai ga shi ni zan kwance mata zane. Ranar farko a gida na yi ta kici-kici, ina ja ina turawa, gumi na ɗiga mini, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Can daga ƙarƙashin mayafin na ji muryarta.

“Ke, buhun gero kike juyi? Lanƙwasa gwiwa tukuna. Sa hannu ga kahwaɗa da ƙugu, ki jawo gare ki, kada ki tura. Aza zane bisa, ki yi aikinki ƙarƙashinai. Hannu shi ka gani, ba ido ba.”

Na yi yadda ta ce, jikin ya juyo da kansa ba nauyi. Sai da na gama na gane aikin da ta koya mini. Haka take juya matan da take wankewa. Na fita bayan ɗaki na yi kukana, na dawo na ɗora ruwan koko.

Makonni biyu da suka biyo baya ba su da laifi. Ta fara dafa sanda, tana jan ƙafar zuwa tsakar gida. Tsuguno ne ba ta iyawa, tsayuwa kuma ba ta jimawa, don haka canji sai a kwance. A gida wannan ba komai ba ne, ga gado ga buta. Ba mu taɓa tunanin waje ba sai a mako na huɗu, da aka tura mu Doso a ɗauki hoton kanta.

Zuwa lafiya. A dawowa motar ta tsaya a wata 'yar tasha don azahar, Inna ta matse hannuna, na san abin ya zo, kuma babban ne. Na ja ta zuwa makewayin tashar. Matakala biyu masu tsawo, ɗaki kamar akurki, rami a tsakiya, ƙasa jagab, ƙofa ɗaure da waya. Ko ni mai ƙafa biyu sai na tattare zane. Ina zan kwantar da mace mai tsawon Inna a nan? Na leƙa masallacin tashar, cike da maza. Na roƙi wani mai shago, ya dube mu ya ce kayan abinci yake sayarwa. A ƙarshe bayan wata kamiyo, babbar motar lodin albasa, na shimfiɗa mayafina a kan tsakuwa mai zafi. Wasu mata biyu da ban san su ba suka taso suka riƙe mana zannuwansu. Har yau ina sa su a addu'a, ban ko tambayi sunansu ba. Amma iska ba ta san sutura ba, ta ɗaga gefen zane daidai lokacin da wani mutum ya zagayo da butarsa. Ya kau da kai da sauri. Da ma a nan ya tsaya. Da muka koma mota sai ya matso cikin ladabi ya ce, “Sannu, Inna Mai Wanka. Allah shi ƙara sauƙi.” Ashe ɗan kasuwarmu ne.

Muka ci gaba da tafiya har muka hango itatuwan mangwaron Gaya. Sannan ta ce, ba da ni take ba, “Na suturta matattu shekara talatin. Ni da raina anka kwance bayan kamiyo.” Daga ranar ta shiga ɗaki. Ko tsakar gida ta daina fitowa.

Dangi suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa. Wani ya kawo saiwa daga Bengu, wata ta ce a gasa mata mara da tsumma mai ɗumi, Isufu ya ce a waya akwai wani mai allura a ƙetare. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta zo daga Karakara ta kwana uku tana kallon igiyar shanyarmu tana taɓe baki. Ranar tafiyarta na ji ta tana ce wa Inna, “Ke ma da shan ruwa awa raƙumi. In ba ki sha ba, mi za ya hita?” Na ji da kunnena, na ɗauka surutun Gwaggo ne da ba ya ƙarewa, na ci gaba da wankina.

Bayan kwanaki sai kush ya fara kwana a bushe. Na yi murna, wallahi har rawa na taka a madafa. Na kira Isufu na ce mafitsara ta tuna. Kullum ina ajiye mata moɗa cike, in dawo in tarar da ita wayam. Akwai wata ɗoɗɗoya da na dasa a fasasshen tulu daidai bakin ƙofarta. A wannan bazarar da ko akuya ke neman inuwa, ɗoɗɗoyar nan ta yi kore shar, tana ta fitar da sabon ganye, ina wucewa ina yaba hannuna.

A makonnin nan ne mafarkan suka fara. Da rana take yinsu, bayan azahar, lokacin da rufin kwano ke ƙara don zafi kuma gari ya yi tsit. Sai ta buɗe ido rabi ta ce gulbi ya zo bakin ƙofa. Wai kwale-kwalen babanta na ɗaure a ƙafar gadonta, yana ɗan bugun katakon a hankali, ko ban ji ba? Wata rana ta ce ta ga matan da ta wanke duka, zaune a kan yashin tsakiyar gulbi cikin fararen kaya, suna rege shinkafa suna hira, ba mai ciwon komai. Ta lissafa mini su da sunayensu, har da wata baƙuwa mai tallan atamfa da ba a taɓa sanin garinsu ba. Ta ce suna yafuto ta, amma in ta sa ƙafa a ruwan sai ya janye, ta bi shi ya janye. Ni ma gajiya ta yi mini yawa, ina kwance a ƙasa ina yi mata fifita, barci na ɗauka ta yana saki, har nakan ji kamar tabarmar na lilo, in ji ƙanshin laka da ɗanyen kifi. Kwanakin suka narke cikin juna. Ban iya cewa ga Litinin ga Alhamis, sai dai in ji kiran salla in tashi. Na ɗauki mafarkan nan abin daɗi, tunda a cikinsu kaɗai take murmushi.

A mako na tara zazzaɓi ya rufe ta, ta daina gane ni, leɓunanta suka tsage. Muka koma asibiti a guje. Likitar nan mai tabarau ta ja fatar hannun Inna ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta dube ni ta saman tabarau. “Rabonta da ruwa yaushe?” Na rantse kullum tana shanye moɗa. Ta ce, “Kush ɗin da ya bushe ba albishir ba ne, Madam. Ki je ki nemo inda ruwan ke zuwa.” Ina nan tsaye sai ɗoɗɗoyar bakin ƙofa ta faɗo mini a rai, ashe ita ke shanye ruwan. Kwana huɗu ana yi mata ƙarin ruwa. Da ta farfaɗo na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba, na manta da maganar likita, na manta ni 'yar fari ce. Ta bar ni na gama, ta ce, “Ƙishirwa ba ta da wari.”

Muka dawo gida. Ta yarda da kurɓi uku na haɗiyar magani, sai wanda na tsaya a kanta ta sha kamar ana ba ta maɗaci. Babbar Sallah ta zo ta wuce, tana jin kabbara daga kan gado.

Hajo ma ba lafiya gare ta ba a lokacin. Zuciya ce, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Duk da haka da ruwan farko ya sauka ta sa aka ɗauko ta a amalanken jaki. Inna ta sa na turara ɗakin har ido na yaji kafin a shigo da ita. Hajo ta zauna tana haki, ta kore hayaƙin da hannu.

“Kala suru, Fati,” ta ce wa Inna da yarensu, wato sai haƙuri. “Amma wanga turare na amarya ne ko na korar sauro? Ni dai na taho in gaya miki na kusa. Kada ki makara.”

Inna ta juya fuska bango. “Nemi wata.”

“Shekara talatin ban nemi wata ba, sai yanzu da ba ni iya tahiya? Wari kike tsoro? Ni da ke mun shaƙi abin da ya hi wanga, munka hito munka ci tuwo.”

“Ba wari ba ne, Hajo. In ta taso mini bisa hanya, ina za a kwantar da ni? Gaya mini wuri guda cikin garin ga.”

Hajo ta shiga laluben wurare a ranta. Ni ma na bi garin a raina, daga tasha zuwa kasuwa, daga bakin gada zuwa asibiti, gidan biki da gidan makoki. Ko'ina akwai inda mai lafiya zai tsuguna, akwai cinyar da za a ɗora jariri a canza shi. Babu inda za a kwantar da babba. Hajo ta ajiye mata ƙullin gishiri a gefen matashi, aka kama ta aka fitar.

Sati na goma sha shida, da safe bayan an kwana ana ruwa, aka aiko Hajo ta cika. An kai ta ɗakin bayan masallaci, don gidan hayarsu ba fili. Na shiga na faɗa wa Inna. Ta daɗe tana kallon rufi, har na ɗauka mafarkin ne ya sake ɗauke ta.

“Wa za ya wanke ta?”

Na ce Ramatu, matar mai gyaran keke, wadda ta riƙe aikin tun kwanciyar Inna.

“Ramatu? Tura gawa takai, ba ta jawowa.” Ta dafa gado ta tashi zaune. “Ɗauko mini mayahi. Da jakar nan taki.”

Na zuba kush biyu, zane, sabulu da leda a jakar da nake ɗaukar mata kayan canji, ina sauri kada ta fasa. Muka hau babur mai ƙafa uku. Banda tafiyar asibiti, wata uku rabonta da ganin sama ba ta taga ba. Gari ya wanku, ƙasa ta yi ja, fadamun shinkafa sun yi kore har ƙarshen gani, gulbi ya cika yana tafiya a hankali da ciyayi a bayansa, masu kwale-kwale suna ratsa shi kamar ba sa taɓa ruwan. Inna ta riƙe ƙarfen babur tana kallo, bakinta a ɗan buɗe. Ta ce, “Ashe yana nan inda na bar shi.”

A ƙofar masallaci ta sa na tambayi liman ko mai lalura irin tata za ta iya wankan. Ya sunkuyar da kai ya ce lalura ba laifi ba ce, ta shiga, ita suke jira.

Aka sa mata kujera a gefen gadon simintin. Ramatu ta kama mata juyi, ni na tsaya inda Hajo ke tsayawa, da moɗa a hannu. Inna ta yi bisimilla, ta sa hannunta na dama ƙarƙashin zane. Tana wanki tana magana ƙasa-ƙasa, kamar suna rumfa. Ta gaya wa Hajo gishirin da ta kawo ya yi ɗaci, ta gaya mata gulbi ya cika, ta ce in ta isa kan yashin nan ta gaishe su, ta ajiye mata wuri kusa da ita amma kada ta ƙosa. Ana tsakiyar wanka na biyu na ga fuskarta ta canza, na san alamar. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, “Zuba ruwa.” Ba ta tsaya ba sai da ta tsefe kan Hajo ta kitse shi gida uku, aka naɗe ta a likkafani, ta ɗaure da hannunta da haƙorinta. Maza suka karɓa a ƙofa, Ramatu ta bi su zuwa waje, aka bar mu mu biyu.

Zanen Inna ya jiƙe har ƙasa, kuma ba fitsari kaɗai ba. A waje mata sun cika fili, duk 'yan kasuwa, duk sun san ta. Gida da nisa. Na ji tsakuwar tashar nan tana ƙona mini gwiwa tun ban durƙusa ba. Inna kuwa gadon take kallo.

“Wanke shi.”

“Inna, a nan? Mutane za su ce…”

“Da tsawona anka auna shi. Wanke.”

Na wanke shi da sabulu sau uku, na shimfiɗa leda da zane, na tokare ƙofa da bokiti. Ta zauna a baki, na ɗaga mata ƙafar, ta miƙe. Ya ɗauke ta cif, daga kai har dunduniya. Na lanƙwasa gwiwa, na jawo kafaɗa da ƙugu. Karo na farko cikin wata huɗu ban sunkuya har bayana ya yi ƙara ba. Famfo na nan daidai hannuna, ruwa na bin gangarensa yana tafiya, haske na saukowa daga 'yar tagar sama. Sai da na kusa gamawa na lura ba ta ja mayafi ta rufe fuska ba. Idonta a buɗe, tana nazarin rufi.

“Ashe haka suka ganin rufin ga,” ta ce. “Dubi yanar gizo. Wa ka shara nan?”

Daidai nan bokiti ya kife, ƙofa ta buɗe. Ramatu ce ta dawo ɗaukar moɗa. Ta ga Inna miƙe a kan gadon wanka, zane a rufe da ita, ni tsaye da ruwa. Ta ɗora hannu a ka ta zuba salati da ƙarfi. Inna ta ɗago kai.

“Da sauran kwana, Ramatu. Ja muna ƙohwa.”

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa mai ruwa, ina yi hawaye na zuba, ban san na Hajo ne ko na mene ne ba. Na ɗaura mata sabon zane, na miƙa mata sanda. A bakin ƙofa ta tsaya ta nuna famfo da haɓa. Na cika moɗa. Ta kafa kai, ina kallon maƙogwaronta na hawa yana sauka, ba ta sauke ba sai da ta ga gindinta. Ta miƙo mini ta ce in ƙara. Sannan ta fita cikin mata ta zauna karɓar gaisuwa, har la'asar.

Inna ba ta warke ba, kada wani ya karanta wannan ya ce na yi masa alkawari. Mafitsara ba ta tuna ba har yau, jakata kuma ba ta rabuwa da kafaɗata. Abin da nake roƙon masu jinya shi ne su riƙa tsayawa har ruwan ya wuce maƙogwaro, kuma in shanya ta ragu kwatsam su ji tsoro, kada su yi rawa irin tawa. Masu gina tasha da kasuwa da masallaci kuwa, ina da ƙorafi a kanku, kuma ba zan sassauta ba. Kuna auna komai da mai ƙafa biyu da ke iya tsuguno, alhali kowannenku yana da tsohuwa a gida, kuma ku ma kuna kan hanya.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta koma tsohon halinta na matsa wa liman da attajirai. Ta ce sun gina wa matattu inda za su kwanta cikin sutura, saura masu rai. Wasu suka yi dariya, wani ya ce wa zai yarda a gan shi yana shiga? Wanda ya fara aiko siminti wani Alhaji ne mai shagon buhuna da aka shekara ba a gani a kasuwa ba, tun da aka yi masa aiki a mara. Bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Maginin nan dai aka kira, ya tsufa, gemu fari fat. Ya ce ko za ta sake miƙewa ya auna? Ta ce tsawon na nan wurinsa, ita yanzu in ta kwanta ƙasa sai an kira mutum huɗu. Ta zauna a kujera ta yi ta ba shi umarni kwana goma: ba matakala, ƙofa mai faɗin keken guragu, ƙarfen dafawa a bango, famfo kusa, bokiti mai murfi. Aka yi shi jikin wancan ɗakin, amma ƙofarsa na kallon kasuwa. Ranar ƙarshe ya ɗauko maƙalar kwaɗo zai buga ta waje kamar ta wancan.

“A'a,” in ji Inna. “Wancan na waɗanda ba su ruhe ma kansu ƙohwa ne. Wanga sakata za ka sa, daga ciki, ƙasa-ƙasa, inda hannun wanda ke kwance ka kaiwa.”

Ya buga ta inda ta nuna. Ta tashi da sandarta ta ce za ta gwada. Na bi ta da jaka kamar kullum, ta tare ni da gwiwar hannu. Ta shiga ita kaɗai, ta ja ƙofa, na ji sakata ta shige ƙwal.

Wata shida ke nan babu ƙofa tsakanina da uwata sai wadda ni na rufe. Na ajiye jakar, na zauna a dakalin masallaci ina kallon gulbi ta tsakanin rumfuna, ina jira har sai ta ga dama ta buɗe.